Kuɗin Gidan Hakimi da Gadar Rafin Tsamiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Nazifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida mai ɗakinka da jikokina. Ina roƙon Allah Ya kai ka birni lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya kuma tsare ka a cikin zauren majalisar da jama'a suka tura ka, domin ni da na zauna a cikinsa na san ya fi hanyar haɗari.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da naka. Sau uku ina kiran ka da niyyar in faɗa maka wannan magana da baki, sau ukun ina ɓigewa da tambayar ka lafiyar yara. Na gane ba zan iya kallon idonka in faɗe ta ba. Manyan da ke cikin labarin ba zan kama sunansu ba, saboda takarda ba ta san hannun da za ta faɗa ba.

Ranar walimar cin zaɓenka, da mai gabatarwa ya riƙe lasifika ya ce kai ɗan zakin nan ne da ya tsaya a majalisa ya fuskanci masu rawani, ya kuma kawo wa mutanensa gada, ban damu ba. Na saba jin wannan kirari. Amma da ka karɓi lasifikar ka ce, "Ni ba ni da wani shiri sai bin sawun mahaifina," sai na sunkuyar da kai. Mutane suna tafi, ni kuwa kofin kunun da ke hannuna ya kuɓuce mini ya zuba a rigata. Baffanka da ke kusa da ni ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce masa zafi ne. A ranar na gane na bar ƙarya ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana girma a ƙofar gidana, har ɗana ya zo zai yi gini a kanta.

Bari in faro maka daga farko.

Lokacin da aka zaɓe ni, ni malamin firamare ne kawai. Ba ni da mota, ba ni da ubangida. Wanda ya yi yawo da ni ƙauye ƙauye a bayan babur ɗinsa shi ne Malam Garba mai kifi. Ba za ka tuna shi sosai ba, kana ƙarami. Tare aka taso da iyayenmu daga tsohon garinmu lokacin da ruwan Tiga ya cinye shi, tare muka girma a sabon matsuguni. Shi yana sarin banda a bakin dam yana kaiwa kasuwar Kafin Maiyaki, kuma duk ranar kasuwa sai ya ƙetare Rafin Tsamiya. Da rani wasan yara ne, da damina kuwa sai an tuɓe riga an ɗora kaya a ka. Bai taɓa roƙo na ko sisi ba. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Malam, in ka shiga, gadar nan kawai."

Da na shiga aka saka ni a kwamitin kasafin kuɗi. Da gwamnati ta kawo daftarin kasafin shekara, na buɗe na bi da yatsa har na ga sunan gadarmu a rubuce. Ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba. Na taho gida a ranar, na hau kan benci a tsakiyar kasuwa na shaida wa mutane cewa gada ta samu. Garba ya rungume ni, warin kifinsa ya kama mini sabuwar riga, muna ta dariya.

Bayan makonni aka gama zaman kwamiti. Yawancin zaman ban halarta ba, ina can wajen suna da ɗaurin aure, domin an ce mini ɗan siyasa da jama'a ake ganinsa. Wata ranar Alhamis ina sauri zan shiga mota, aka biyo ni da rahoton kwamiti, kundi mai kauri. An riga an buɗe mini shafin ƙarshe. Na ɗora shi a kan bonet ɗin motar na sa hannu. Da aka kawo shi zauren majalisa kakaki ya ce masu goyon baya su ce eh, muryata tana cikin waɗanda suka fi ƙarfi.

Rani ya wuce ban ga ko tifa ɗaya ta yashi a bakin rafin ba. Na ce jinkirin gwamnati ne. Damina ta sauka. A tsakiyarta, wata ranar kasuwa da hantsi, Garba ya shiga ruwa yana tura babur da kwandon kifi a baya. Mutane suna tsaye a gaɓa suna kallo ruwa ya ɗauke ƙafarsa. Sai washegari aka same shi a cikin wata gonar rake, can ƙasa.

Na je ta'aziyya. Matarsa Lami tana bayan labule, na yi mata gaisuwa, ta amsa. Har na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Malam, da zai fita ya ce mini bana ce shekarar ƙarshe da zai shiga ruwan nan. Ya ce kai ka faɗa." Ba da faɗa ta yi maganar ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na koma birni a fusace, na shiga ofishin sakataren kwamitinmu, wani dattijon ma'aikaci mai suna Malam Isyaku, mutum marar hayaniya wanda kullum fensir yana saƙale a kunnensa. Na buga tebur na ce a gaya mini wanda ya danne kuɗin gadar da majalisa ta amince da ita. Ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe, wace majalisar?" Ya ɗauko kundi biyu ya ajiye. A na farko, daftarin da na gani, ga gadarmu. Ya buɗe na biyu, wanda ya zama doka, a daidai wannan wuri. Babu gada. Abin da ke wurin shi ne gyaran gidajen hakimai da sabunta motocinsu. Sannan ya juya zuwa shafin ƙarshe na rahoton kwamiti, ya ɗora bakin fensirinsa a ƙarƙashin wani sa hannu.

Nazifi, na daɗe ina kallon wannan sa hannu kamar ban san mai shi ba. Na ja kujerar baƙi na zauna. Ni da na yi shekaru ina dukan yara don sun rubuta amsa ba su karanta tambaya ba.

Don haka abu na farko da nake roƙon ka: ka karanta. Ka ajiye daftarin farko a hannun dama, na ƙarshe a hagu, ka bi su layi layi ko da zai ci maka mako guda. Abin da ba ka gane ba ka tambayi ma'aikata, kada girman kujera ya hana ka cewa ban sani ba. Duk wanda ya kawo maka takarda ya buɗe maka shafin ƙarshe, to akwai abin da ba ya so ka gani a tsakiya. Zaman kwamiti shi ne aikin, abin da ake yi a zaure sau da yawa an riga an dafa shi. Suna da ɗaurin aure ka tura wakili, ba wanda zai mutu don ba ka je ba.

Kuskurena na biyu shi ne wanda ake yi mini kirari da shi.

Kafin shekara ta fita aka kawo ƙwarya-ƙwaryar kasafi, kuma a ciki an ƙara kuɗi a wannan layi na gidajen hakimai. Malam Isyaku ya kira ni gefe ya ba ni 'yar takarda mai tambaya uku: nawa aka fitar a baya, wa aka ba aikin, wa ya je ya duba an yi. Ya ce, "Ka tsaya a kan waɗannan, kada ka ƙara ko kalma. Ba su da amsa." Na sa takardar a aljihu.

Da kakaki ya ba ni dama na miƙe, fuskar Garba kawai nake gani. Ban ko taɓa aljihun ba. Na ce masu rawani sun naɗe haƙƙin talaka a kansu. Na ce suna shan inuwa talaka yana shan ruwan rafi. Ban tsaya nan ba, na kama sunan hakiminmu na wancan lokaci, tsoho mai shekara kusan tamanin, na ce an yi wa gidansa fenti da jinin mai kifi. Zaure ya kaure. Wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce na ci mutuncin iyayen ƙasa. Daga nan muhawara ta tashi daga kan kuɗi ta koma kan tarbiyyata: a dakatar da ni ko a yi mini afuwa, in janye ko kada in janye. Aka ci sa'a biyu a kaina. Da aka gama aka tilasta mini janye kalamaina, sannan kakaki ya karanto layin kuɗin, aka ce eh, ya buga guduma. Bai kai lokacin da mutum zai sha ruwa ba. Shugaban kwamitinmu ya wuce ta gabana yana murmushi, har da dafa mini kafaɗa. A lokacin ban gane godiya yake yi mini ba.

Gidajen rediyo suka yi ta saka muryata. Da na taho gida matasa suka tare ni tun daga Kwanar Dangora da babura suna ihu. Na ji ni wani ne. Na shiga wajen kakarka Iya ina jiran sa albarka, na durƙusa na gaishe ta. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Kai ne na ji a rediyo?"

Na ce, "Ni ne, Iya. Gaskiya na faɗa."

Ta ce, "Ranar da ruwa ya ci garinmu muka zo nan da tabarma da tukunya, kana goye da ƙaninka, wa ya tsaya a rana ya auna wa ubanka gona? Wa ya hana a kore mu da 'yan gari suka ce mu baƙi ne? Ka je gidan nasa ka ga fentin da idonka?"

Na ce ban je ba, amma takarda ta nuna.

Ta ce, "Takarda. To ba za ka sake cin tuwona ba sai ka je ka durƙusa a gabansa."

Na tafi ne don Iya, ba don na yarda na yi laifi ba. An kwana ana ruwa, da safe ma ana yayyafi. Daga titi na hango katangar gidan fes da sabon fenti, na ce a raina ga shaida. Dogari ya yi mini iso na shiga zaure. Nazifi, abin da na fara gani shi ne robobi da kwanoni an jera a ƙasa suna tarar ruwa. Rufin ya yi baƙi, azara ɗaya ta lanƙwashe an tokare ta da itace. An ja shimfiɗar tsohon zuwa lungu ɗaya da ba ya zuba. Ta ƙofar baya ina hango motarsa a kan duwatsu, babu taya, kaji sun fake a ƙarƙashinta. Fentin nan a katangar da ke kallon titi kawai ya tsaya, ko kusurwa bai zagaya ba.

Na durƙusa a gabansa. Na gaishe shi.

Tsohon ya ce, "Malam, matso nan, wurin nan yana ɗiga. Na ji ka a rediyo. Muryarka tana fita sosai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure, ban san haka abin yake ba."

Ya ce, "Ni ma a rediyo nake jin kuɗin nan. Wasu sun zo da abin awo, suka auna, suka shafa fenti a waje, suka ɗauki hoto. Suka ba ni takarda na sa hannu, wai shaidar sun zo. Da turanci take, kuma idona ya yi rauni. Daga baya aka ce mini takardar cewa take an gama aiki." Sannan ya ce, "Garba tamkar ɗana ne. Ni na ɗaura masa aure. Da an tambaye ni, da na ce a bar ni da robobina a yi gada."

Na ce, "To ranka ya daɗe, me ya hana ka magana?"

Ya ce, "In na yi magana a ce ina rigima da gwamnati, rawanin nan kuma ba da ƙusa aka kafa shi ba. Ina da iyali, ina da dagatai a ƙarƙashina. Kai kuwa don tambaya aka tura ka. Zagin da ka yi mini na yafe. Ka koma ka yi tambayar."

Na fito na kama hanyar gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ni ne na ɗauki sandar na bugi kurar a gaban duniya.

Kada ka ɗauka ina ce maka duk gidan sarauta haka yake. Akwai inda kuɗin ke isa a yi abin da ya dace da shi, akwai inda yake isa a yi facaka, akwai inda sunan sarautar kawai ake ara. Daga kujerarka ba za ka iya bambance su ba sai ka taka ka je. Sarauta tana da hidima ta gaske: baƙi, sulhun manoma da makiyaya, rigimar gado da ta iyakar gona, duk a zaurensu ake kashe su kafin su kai kotu. Ba laifi ba ne a ba su daga baitulmali. Amma kuɗin jama'a ne, kuma tambaya a kansa ba rashin kunya ba ce. Kada rawani ya ba ka tsoro, kada kuma ka nemi suna da shi. In ka miƙe a zaure ka yi sallama, ka girmama wanda ya cancanta, sannan ka jefa tambayarka gajeriya ka zauna ka jira amsa. Wanda ya ci kuɗi ba ya tsoron mai zagi, murna yake yi da shi, domin zagi yana ba shi wata maganar da za a yi.

Da a nan labarin ya tsaya, da na iya faɗa maka da baki. Na ukun shi ne ya sa na ɗauki biro.

Na koma na nemi Malam Isyaku na ba shi labarin robobi. Ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya kawo mini kwafin takardun biyan kuɗi a cikin ambulan. Gidaje da yawa ne, ba na hakiminmu kaɗai ba, kuma ɗan kwangila ɗaya ne ke sauya suna. A gefen kowane shafi ya yi mini bayani da fensirinsa don in gane. Ya ce, "Ka kwafe da hannunka ka dawo mini da waɗannan. Kada kowa ya gan su. Saura mini shekara uku in yi ritaya, kuma ina da 'ya'ya a makaranta." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, har na rantse.

Wannan karon na yi aiki. Na zagaya gidajen da kaina, daga ɓangaren Bebeji har can wajen Riruwai. Na rubuta ƙuduri marar zagi ko ɗaya: duk kuɗin da aka ware da sunan sarauta a bayyana shi a fili, kwamiti ya je ya ga aikin da ido kafin a biya, kuma a tambayi mai gidan da kansa cikin harshen da yake ji. Na bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Wani daga ɓangaren Doguwa, wanda ma ba jam'iyyarmu ɗaya ba, ya ce shi zai mara mini baya ko da za a kore shi. Aka saka ƙudurin a jadawalin ranar Talata.

Ranar Litinin bayan azahar shugaban kwamitinmu ya gayyace ni cin abinci a gidansa. Muka ci, muka yi hira. Sannan ya ce ya ji ina da ƙuduri, amma yana tsoron kada in sake jin kunya, don magana ba hujja iska ce. Nan girman kai ya kama ni. Ban dawo wa Malam Isyaku da takardunsa ba, suna cikin jakata. Na zaro su na baza a kan tebur na ce, "Ga iskar."

Ya ɗauka yana dubawa a hankali. Na lura ba tsakiyar shafin yake kallo ba, gefe yake kallo. Ya ce, "Rubutu mai kyau." Ya miƙo mini. Sannan ya gyara zama ya ce, "Malam, mu yi maganar manya. In ka kawo wannan gobe za a yi hayaniya, a kafa kwamitin bincike, ya yi shekara biyu, rahoto ya ɓace. Mutanenka kuma suna nan suna shiga ruwa. Amma in ka ce ka jingine shi don a ƙara shawara, ni na yi maka alkawari kafin damina ta dawo motoci suna bi ta kan Rafin Tsamiya. Wanne Garba zai zaɓa?"

Da ya ba ni kuɗi da na watsa masa. Da kujerar Makka ya ba ni da na ƙi. Amma ya san inda ciwona yake. Na ce wa kaina takarda ba ta ƙetarar da kowa rafi. Na ce wa kaina jinginewa ba janyewa ba ce, zan dawo da shi baɗi. Na miƙa masa hannu.

Ranar Talata na miƙe na ce na jingine ƙudurina. Mutumin Doguwa yana riƙe da takardar jawabinsa, har ya ɗan ɗaga daga kujera. Ya juyo ya dube ni, ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Har muka bar majalisar bai sake yi mini magana ba bayan sallama.

Mako biyu bayan haka na je ofishin kwamiti na tarar da wani a kujerar Malam Isyaku. Na tambaya, aka ce an same shi da laifin fitar da takardun gwamnati, an sallame shi ba tare da haƙƙinsa ba. Na tsaya a bakin ƙofa, kalmar nan ta "rubutu mai kyau" tana yi mini amo a kunne. Sai a lokacin na gane abin da na baza a kan tebur. Kuma ban je gidansa ba. Ban yi magana a zaure ba. Na ji tsoron in na motsa gada za ta tsaya.

Aka fara gada. Ranar da na je ganin aiki na karanta allon da aka kafa, na ga sunan kamfanin, na sake karantawa. Ɗaya ne daga sunayen da ke cikin ambulan ɗin nan. Mai fentin katanga shi aka ba gadarmu. Ka san sauran, don kai da kanka ka sha ɗaukar buhun yashi a gayyar gyaran ta tun daga damina ta uku da gefenta ya zube. Mutane suka ce ƙarfin ruwa ne, na bar su a haka. Ita ce ake kira gadar Malam.

Hakimi kuwa sau ɗaya muka sake haɗuwa, a wata jana'iza. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Malam, an yi tambayar kuwa?" Na ce, "Ana kan shawara, ranka ya daɗe." Ya ce, "To, Allah Ya sa a gama lafiya." Shekara ba ta zagayo ba ya rasu, a cikin wannan gida mai zuba. Layin kuɗin kuma ya ci gaba da fitowa kowace shekara, ina cewa eh, domin wanda ya sayar da bakinsa sau ɗaya ba shi da abin buɗewa.

Ɗana, za su zo maka, kuma ba da jakar kuɗi za su fara ba. Za su nemi abin da ka fi so wa mutanenka, asibiti ko makaranta ko taki, su ce ga shi, kai dai ka yi shiru a kan abu kaza. Ka tuna abin da suke miƙo maka haƙƙin mutanenka ne tun asali, kayanka ake sayar maka. In ka biya da shiru, za ka karɓi abin a lalace, don wanda ka rufa wa asiri shi zai yi aikin, kuma ya san ba ka da bakin ƙorafi. Sannan duk ƙaramin ma'aikacin da ya amince maka ya nuna maka gaskiya, wuyansa ya ɗora a tafin hannunka. Kai in ta ɓaci ka rasa kujera, shi kuwa abincin 'ya'yansa zai rasa. Ka tsare shi fiye da yadda za ka tsare kanka.

Kwana uku bayan walimarka na shiga mota na tafi Tudun Wada, inda na ji Malam Isyaku ya koma. Na same shi a wata 'yar rumfa yana sayar da irin shuka da maganin feshi. Ya tsufa ƙwarai, sai da na faɗi sunana ya gane ni. Ya ba ni benci, ya aika aka kawo mini ruwa. Na faɗa masa duk abin da ya faru a gidan shugaban kwamiti, ban rage komai ba.

Ya ce, "Na sani tun ranar. Da suka kira ni, shafukan suka lissafa mini ɗaya bayan ɗaya."

Na ce, "Me ya sa ba ka taɓa tona ni ba?"

Ya ce, "Ina jiran ka zo ne. Ban zaci zai kai haka ba." Ya ce babbar 'yarsa tana aji biyu a jami'a lokacin, dole ta dawo gida. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin wani. Sannan ya ce, "Abin da ya shafe ni na yafe maka, don ina so Allah Ya yafe mini. Amma har yau a fayil ɗina ɓarawon takarda ne ni, jikokina kuma sun fara girma. Mutanen da suke ɗaukar yashi kuma ba ni da ikon yafewa a madadinsu. Su ba su ma san akwai abin yafewa ba."

A mota ina dawowa na yanke shawara. Na roƙi liman ya ba ni minti biyar ranar Juma'a mai zuwa, bayan an idar da salla. Zan tsaya a gaban mutanen garinmu in faɗa musu wanda ya sa hannu aka cire gadarsu, da wanda ya zagi tsoho a kan laifin da bai yi ba, da abin da aka biya kafin a yi musu wadda suke toshewa da buhu. Zan kira sunan Malam Isyaku in ce mutumin kirki ne, ni na cuce shi. Kafin nan zan je wajen Lami da 'ya'yan Garba, da iyalan marigayi hakimi, don bai kamata su ji a bakin mutane ba. Mahaifiyarka ta yi kuka ta ce zan ɓata maka suna tun ba a rantsar da kai ba. Wataƙila haka ne. Abokan hamayyarka za su samu abin faɗa, kuma ina ba ka haƙuri a kan wannan. Amma gara ka shiga zauren nan a matsayin ɗan mutumin da ya yi kuskure ya faɗa, da ka shiga kana ɗauke da kirarin da ba na kowa ba. Ba izininka nake nema ba. Abin da nake so shi ne, in za ka iya, ka zo ka tsaya a sahun gaba inda zan riƙa ganin ka, don ina jin ƙafafuna za su buƙaci haka.

Allah Ya yi maka albarka. Ya tsare ka a tafiya da dawowa, Ya tsare idonka daga gajiya da karatu, harshenka daga cin mutuncin bayinSa, hannunka daga abin da za ka ji kunyar gani gobe. Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronSa, Ya raba ka da masu daɗin baki. Ya jiƙan Garba, Ya jiƙan tsohon hakiminmu, Ya jiƙan Iya, Ya saka wa Malam Isyaku da alheri. Ya dawo mana da kai gida da mutuncinka a cike. Ni kuma ka sa ni a addu'a.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.